Tambayoyin Kawu Saje a Ganuwar Hadrian

Tun ranar da na gaya wa Kawu cewa a Newcastle ta Ingila zan yi kwas ɗin wata ukun da aka tura ni, kuma garin yana kan wata tsohuwar ganuwa da sojojin Rum suka gina, bai sake barina na sha ruwa ba. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, saje mai ritaya, ya yi Laberiya da Saliyo cikin dakarun ECOMOG. Har gobe in aka ambaci soja, ko na zamanin Fir'auna ne, sai ya gyara zama. Ba ya rubutu a WhatsApp, murya yake turowa. "Ɗana, in ka je ka tambayo min abu uku. Nawa ne albashinsu, shekara nawa suke yi kafin a sallame su, kuma ana barinsu su yi aure?" Kafin ranar tafiya ta zo, abu ukun nan sun hayayyafa sun haura goma.

Wata Asabar a ƙarshen Satumba na hau jirgin ƙasa zuwa Hexham. Daga can akwai bas da ke bin ganuwar, lambarta AD122, wato shekarar da Sarki Hadrian ya zo Birtaniya aka fara ginin. Na fito da kambas da 'yar rigar sanyi mai shara-shara, don na leƙa taga na ga rana. Wata tsohuwa da ke kujerar gefena ta dubi ƙafata, ta dubi fuskata, ta yi murmushi ba ta ce komai ba. Sai da azahar na gane abin da ta gani.

Bas ta ajiye ni a Housesteads, daga nan sai hawan tudu a ƙafa, ta cikin tumaki. Wanda ya saba da badalar Kano zai ɗan ji an rage masa hanya, domin abin da ya saura na ganuwar a mafi yawan wurare bai wuce ƙirjin mutum ba. Manoma da masu gina coci sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwasar duwatsunta. Amma in ka tsaya a kan tudun ka bi ta da ido, tana hawa tana sauka a doron duwatsu har ta ɓace cikin hazo, a nan ne girman aikin zai shige ka. Tsawonta mil 80 ne na Rumawa, kimanin kilomita 117, daga Wallsend a gabas zuwa Bowness-on-Solway a yamma, teku zuwa teku. A kowane mil guda akwai ƙaramin sansani mai ƙofa, tsakanin kowane biyu kuma akwai hasumiyar gadi biyu. Runduna uku suka yi aikin, ta biyu da ta shida da ta ashirin, cikin kamar shekara shida, kuma sojojin da kansu ne magina, su ne masu fasa dutse, su ne leburori. Da na tura wa Kawu wannan sai ya yi dariya. "To ai har yanzu haka ne. In babu yaƙi, oga ba zai bar ka ka zauna ba, ko ciyawa ce sai ka nome."

Barikin Housesteads ya ɗauki mutum kusan 800. Na shiga layin ɗakunan kwanansu, waɗanda yanzu harsashi kawai ya rage. Mutum takwas ne a ɗaki, su dafa tare, su kwana tare, in an fita daji tanti ɗaya ne nasu. Ɗaki goma, mutum tamanin kenan, su ne ke ƙarƙashin hafsa guda da ake kira shugaban ɗari, ko da yake mutanensa ba su cika ɗarin ba. Nasa ɗakin yana ƙarshen layi, ya ninka na yaransa. Alamar muƙaminsa sanda ce ta itacen inabi, kuma ba ta ado ba ce. Masanin tarihin Rum Tacitus ya ba da labarin wani mai suna Lucilius da sojoji suka yi wa laƙabi da "Miƙo Wata", don in ya karya sanda a gadon bayan kurtu sai ya ɗaga murya a kawo masa wata. Shekara ta 14 Miladiyya aka yi bore a rundunarsa, yana cikin waɗanda aka kashe. Kawu ya ce ya san samanja biyu da wannan laƙabin zai zauna musu daram.

Gidan kwamanda kuwa har da tsakar gida, da ɗaki mai ɗumi, wanda ake hura wuta iska mai zafi ta bi ta ƙarƙashin daɓe. Rumbunan hatsi an ɗaga daɓensu a kan 'yan ginshiƙai saboda laima da ɓera. Akwai asibiti. Amma inda na ga 'yan yawon buɗe ido sun fi cincirindo shi ne makewayi, can kusurwar kudu maso gabas inda ƙasa ta gangara. Dogon ɗaki ne, a da akwai benci na katako mai ramuka a gefe biyu, ruwa na bi ta ƙasa yana wankewa, ga kuma 'yar magudana a gaban ƙafafun masu zama. Babu labule, babu shamaki, kowa na kallon kowa. Duwatsun suna nan lafiya lau bayan shekara kusan dubu biyu.

A wajen ƙofar kudu akwai kangon wani ƙauye da ya tsiro a jikin barikin: shaguna, gidajen giya, gidajen matan sojoji. Tun kafin in gama bayani Kawu ya katse ni: "Kasuwar mami kenan!" Ita ce kuwa. A ɗaya daga cikin gidajen, masu tono sun taɓa samun ƙasusuwan mutum biyu an binne a ƙarƙashin daɓe, ɗayan da tsinin wuƙa a haƙarƙarinsa. Dokar Rum ta hana binne gawa a cikin gari, saboda haka wanda ya yi wannan daɓen ya san abin da yake rufewa.

A nan na amsa masa tambayar aure. Tun zamanin Augustus, sarkin Rum na farko, aka hana ƙaramin soja ɗaura aure yana cikin kaki, kuma dokar ta kai kusan shekara ɗari biyu, sai wajen 197 Sarki Septimius Severus ya sassauta ta. Hani dai na takarda ne. Suna ajiye mata a kasuwar mami, su haifi 'ya'ya, hukuma ta kau da kai. Shekarun aiki 25 ne. Sojan Rum iri biyu ne: akwai na manyan runduna, mai mutum kamar dubu biyar kowace, waɗanda sai ɗan ƙasa ake ɗauka, akwai kuma dakarun taimako da ake ɗebowa daga ƙabilun da aka ci da yaƙi. Su waɗannan na biyun ne aka bar wa gadin ganuwar. Wanda ya cika shekara 25 ɗin aikin da rai a cikinsu, sai a ba shi shaidar zama ɗan ƙasar Rum, an zana a faranti biyu na tagulla an ɗaure da waya, kuma a zamanin Hadrian har 'ya'yansa ke shiga ciki. Wannan ce babbar giratutinsa.

Albashi kuma, sojan babbar runduna yana karɓar dinari 225 a shekara zamanin Augustus, Sarki Domitian ya ƙara ya koma 300. Dinarinsu na azurfa ne, kuma daga sunansa Larabawa suka samo kalmar da muka gada. Ba wata-wata ake biya ba, kashi-kashi ne a shekara, kuma kafin kuɗin ya iso hannunsa an zare na abinci, da na tufafi, da na takalmi. Mai ritaya daga babbar runduna yana samun dinari 3,000 ko fili. Saƙon Kawu a kan wannan gajere ne: "An biya su dai a kan lokaci?"

Daga Housesteads na bi ganuwar yamma a ƙafa, wajen kilomita biyar zuwa Steel Rigg. A nan ruwa ya same ni. Ba irin namu ba ne da zai zuba da tsawa ya wuce, wani siririn yayyafi ne da iska ke kawowa a kwance, ya shiga wuya, ya shiga kunne. Kambas ɗina ya zama soso. Na wuce kwarin da wata shahararriyar bishiya take a da, wadda wasu suka sare cikin dare a Satumbar 2023, kututture kawai na tarar an kewaye shi. Na fake a kangon wani ƙaramin sansani ina karkarwa, ina duban arewa. Babu komai sai ciyawa da fadama da hazo. Na yi minti ashirin a wurin na ji kamar an yi mini horo, wani kuwa nan aka ajiye shi shekara da shekaru, yana duban wannan hazon, yana buɗe wa masu shanu ƙofa yana rufewa.

Abin da ya kai Hadrian ga wannan aiki ba ɓoyayye ba ne. Sarki Trajan, wanda Hadrian ya gada, mayaƙi ne, ya faɗaɗa daular har ƙasar Iraƙi ta yau. Da Hadrian ya hau a 117, sai ya janye daga waɗancan sabbin yankuna na gabas, ya shiga zagaya iyakoki yana kafa musu shinge. Mai bi masa, Antoninus Pius, ya ga kamar an yi rowa, ya matsa arewa cikin Sikotilan ya gina tasa ganuwar ta ƙasa da ciyawa wajen shekara ta 142. Ba ta wuce shekara ashirin da wani abu ba aka bar ta aka dawo ta Hadrian.

Da la'asar na isa Vindolanda, ƙafa na fitar da ruwa a kowane taku. In da wuri ɗaya za a ce in koma a duk tafiyar, nan ne. Barikin ya girmi ganuwar da shekara talatin da wani abu. Duk sanda aka rushe ginin katako za a yi sabo, sai a shafe tsohon da yumɓu, iska ba ta shiga, don haka abin da ya kamata ya ruɓe bai ruɓe ba. Akwai bango guda na takalman fata a gidan kayan tarihinsu, daga cikin dubbai da aka tono: na sojoji mai ƙusoshi a tafi, na mata mai ado, da wani ɗan mitsitsi na jariri da bai kai tafin hannuna ba. Na daɗe a gaban wannan.

A 1973 mai tono Robin Birley ya ci karo da wasu 'yan siraran ɓawon itace a cikin laka, ya ɓamɓare biyu da suka manne, sai ga rubutun tawada. Wasiƙu ne da takardun ofis, kowace ba ta fi tafin hannu ba, an rubuta su wajen shekara ta 100. Yawancinsu suna Landan yanzu, amma akwai wasu a nan cikin wani ɗaki mai duhu-duhu, don haske na cinye tawadar. Na kusa manna hanci da gilashi. Rubutun kamar tafiyar kaza, sai da fassarar da ke gefe.

Ɗaya daga cikin na farkon da aka samu, wani ne ke sanar da soja cewa ya aiko masa da safa, da takalma ƙafa biyu, da kamfai biyu, sannan ya gaishe da abokan ɗakinsa. Ni da ke tsaye cikin jiƙaƙƙiyar safa, babu wanda ya kai ni fahimtar wannan wasiƙa. Wata kuma daga wani ƙaramin hafsan dawakai ce mai suna Masclus zuwa ga kwamandansa Flavius Cerialis. Ya buɗe da kiran ogan nasa sarki, irin ranka ya daɗe ɗin nan, ya tambayi umarnin gobe, su dawo duka ko rabi, sannan can ƙasa ya saƙala ainihin abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami: giyar yara ta ƙare, a taimaka a aiko. Akwai takardun neman hutu. Akwai rahoton da ke raina 'yan ƙasa, yana cewa mahaya dawakinsu na da yawa amma ba sa amfani da takobi, ya kira su da wata kalmar ƙasƙanci, kamar a ce 'yan Birtaniyan banza. Akwai ta Claudia Severa, matar wani kwamanda, tana gayyatar matar Cerialis, Sulpicia Lepidina, bikin ranar haihuwarta, 11 ga Satumba. Magatakarda ne ya rubuta jikin wasiƙar, ita kuma ta ƙara gaisuwar ƙarshe da hannunta, tana kiranta 'yar'uwa. Wannan ɗan layin yana cikin mafi tsufan rubutun Latin da aka sani na hannun mace.

Wadda ta fi kama Kawu ita ce takardar ƙidayar bataliya ta ɗaya ta Tungriyawa, mutanen yankin Beljiyam ta yau, mai ɗauke da ranar 18 ga Mayu. A rajista mutum 752 ne. Waɗanda ba sa nan, 456: 337 suna Coria, wato Corbridge, wasu na gadin wani babba, wasu an aike su nan da can har Landan. Saura 296 a bariki. Cikinsu 15 ba su da lafiya, 6 sun ji rauni, 10 na ciwon ido. Masu iya ɗaukar makami a ranar, 265. Na karanto masa alƙaluman ɗaya bayan ɗaya, ya sa na maimaita. Sai ya ce, "Wallahi ko ni na rubuta. Kullum da asuba sai na kai wa oga irin wannan. A takarda bataliya, a fili kamfani biyu." Ya ce mutane na zaton aikin soja harbi ne, alhali shi a shekara ashirin da biyu da ya yi, kwanakin da ya ji ƙarar harsashi ba su kai kwanakin da ya yi yana jiran mota ba.

A bas ɗin komawa ne ya jefo wadda na san tana tafe. "Su ne Rumawan da ke cikin Suratur Rum?" Daula ɗaya ce, amma zamani ya yi nisa. Rumawan da suka gwabza da Farisa a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na gabas ne, hedikwatarsu birnin da ake kira Istanbul yau, sarkinsu Hiraƙlu wanda ya hau a 610. Tsakaninsa da Hadrian kusan shekara ɗari biyar ne, kuma a lokacin Rum ta yi shekara ɗari biyu da sakin Birtaniya. Ɓangaren yamma ya faɗi a 476, na gabas ya kai har 1453. Na kuma gyara masa wani kuskure da ni ma na daɗe da shi: Julius Kaisar bai taɓa zama sarkin daular ba. Janar ne da ya ƙwace mulki, ya tsallako Birtaniya sau biyu, a 55 da 54 kafin Miladiyya, bai zauna ba, aka daɓa masa wuƙaƙe a zauren majalisa a 44 kafin Miladiyya. Ɗan riƙonsa Augustus ne sarki na farko, sunan Kaisar kuma ya zama na sarauta. Wanda ya ci Birtaniya da gaske Claudius ne, a shekara ta 43 Miladiyya.

"To wa ke naɗa sarkin?" A takarda majalisa, a zahiri mai sojoji. A shekara ta 69 sarki huɗu aka yi. A 193 dakarun tsaron fada suka kashe Sarki Pertinax, sannan suka yi gwanjon kujerar a barikinsu, attajirai biyu na tayawa. Didius Julianus ya saye ta da alkawarin ba kowane soja dinari 6,250, ya yi wata biyu da 'yan kwanaki aka kashe shi. Wanda ya kawar da shi Septimius Severus ne, ɗan Afirka, haifaffen Leptis Magna a gaɓar tekun Libiya. Shi ne ya zo Birtaniya a 208 da 'ya'yansa biyu don yaƙar ƙabilun arewacin ganuwar, ciwo ya kwantar da shi, ya mutu a York a Fabrairun 211. Wasiyyar da masanin tarihi Cassius Dio ya ce ya bar wa 'ya'yan ita ce su haɗa kai, su wadata sojoji, kada su damu da kowa bayan haka. Shekarar ba ta ƙare ba Caracalla ya sa aka kashe ƙanensa Geta a gaban mahaifiyarsu. Ta biyun dai ya riƙe, ya ƙara wa sojoji albashi. Kawu, wanda juyin mulki nawa ya wuce ta kansa yana cikin kaki, ya ce shi a nan ba zai ce komai ba, waya ba ta da amana.

Washegari Lahadi, da busassun takalman aro, na hau jirgin cikin gari zuwa South Shields, inda kogin Tyne ke shiga teku. A Wallsend, can ɗaya gaɓar, har allunan tasha an rubuta da Latin, don nishaɗi. Barikin South Shields, Arbeia, yana tsakiyar unguwa, gidaje sun kewaye shi, yara na buga ƙwallo a gefe. Ma'ajiyar hatsi ce ta yaƙin Severus, daga baya aka kawo wata ƙungiyar masu tuƙa kwale-kwale daga kogin Dijla ta zauna a ciki. Ganuwar nan ta tara jinsi: maharba daga Hama ta Siriya a Carvoran, mahaya daga Sifaniya a Chesters, dakarun Arewacin Afirka a Burgh-by-Sands.

Duwatsun kabari biyu ne suka kai ni. Na farko na wata mata ce, Regina, 'yar wata ƙabila ta kudancin Ingila, baiwa ce da ubangidanta Barates, mutumin Tadmur ta Siriya, ya 'yanta ya aura. Ta rasu tana da shekara 30. An sassaƙa ta zaune a kujerar saƙa, kwandon zare a gefenta, hannunta a kan akwatin kayan ado. Rubutun Latin ɗin na hukuma ne, suna da asali da shekaru. A ƙarƙashinsa sai ga layi guda da harshen garinsu Barates, daga dama zuwa hagu, sunanta da nasa da kalmar kaico.

Na biyun yana kusa da shi. Wani saurayi ne kishingiɗe a gado, da ƙoƙo a hannu, wani ɗan yaro na miƙo masa tulu. Sunansa Victor, ɗan Arewacin Afirka, shekararsa 20. Bawa ne da wani sojan doki mai suna Numerianus ya 'yanta, kuma rubutun ya ce shi Numerianus ɗin ne ya raka shi kabari da matuƙar kulawa. Na ɗauki hoto na tura wa Kawu, na karanta masa.

Alamar ya saurara ta fito, amma amsa ba ta zo ba. Na zagaya rumbunan hatsi, na hau ƙofar yamma da aka sake ginawa, na sauko. Sai da na kai tasha wayar ta yi ƙara. Muryarsa ta yi ƙasa, ana jin kukan awaki a bayansa. Ya ce akwai wani yaro ɗan ɗakinsu da suka binne a bayan wata makaranta a Monrovia, da katakon akwatin harsashi suka yi masa alama, suka rubuta sunansa da fenti. Ya ce in ƙara ɗauko masa hoton dutsen nan daga kusa, yadda rubutun zai fito sosai. Jirgi na shigowa, na juya na koma.